Dawakin da Atiku Ya Shafe

Duk wanda ya san tashar manyan motoci ta Ƙaura Namoda a shekarun baya ya san rumfar Atiku, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce ta ƙarshe kafin a fita, a gindin wani tsohon dogon-yaro, ƙasanta duk ta yi dabbare-dabbare da ɗigon fenti. Atiku mai zane ne. A lokacin ba gidaje yake wa fenti ba, bayan motoci yake zanawa, irin manyan motocin nan masu bodin katako da ke ɗaukar hatsi da 'yan kasuwa zuwa Shinkafi da Zurmi da Jibiya. Ya iya zaki, ya iya mikiya, amma abin da ya fitar da sunansa doki ne. Shi ya sa har yau, da furfura ta gama cinye gemunsa, ba a ce masa komai sai Mai Doki. Alhali shi bai taɓa mallakar doki ba, ko ɗan ƙuru.

A Birnin Tsaba aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsa na da goɗiya guda ɗaya, gunya mai fari-farin gashi, wadda yake hawa zuwa kasuwar Zurmi, kuma Atiku ne ke yi mata ciyawa, ya kai ta shan ruwa, ya cire mata kaska. Ya san ta tun daga kunne har kofato. Kakarsa, uwar mahaifinsa, takan zauna kusa da turken tana kaɗi, tana zuba masa abin da ta ji daga nata kakannin.

"Doki na ganin abin da ɗan Adam bai gani," in ji ta. "In ya toge bisa hanya, kada ka buge shi, koma gida. Kuma gidan da ke da doki, in masifa ta taho, kan dokin take sauka, ta bar mutane."

Shekarar da aka yi babban fari, gero ya ƙone a tsaye. Goɗiyar ta rame har fata ta manne wa haƙarƙari, ranar nan ta kwanta a turke ba ta sake tashi ba. Kakar ta leƙo ta dube ta, ta ce, "Ta ɗauke muna." Atiku bai ga abin da ta ɗauke ba, don yunwar tana nan inda take, rumbu kuwa sai ɓera. Bai yi musu ba dai. Kafin damina ta zagayo mahaifinsa ya ce ya tafi Ƙaura ya nemi abin da zai ci, a rage baki a gida.

Ƙaura a wancan zamani gari ne mai motsi, nan jirgin ƙasa ke ƙarewa. Atiku ya shiga dako, yana sauke buhuna daga mota zuwa tarago. In ya gaji sai ya raɓe a inuwar dogon-yaron nan, inda wani Bayarabe mai suna Lamidi, mutumin Offa, ke rubutu da zane a jikin motoci. Wata rana Lamidi ya zana wa wani direba doki, direban ya zagayo ya duba, ya riƙe baki.

"Oga, doki na ce. Wanga ai jaki ne ya ƙoshi da dusa."

Aka yi ta dariya. Atiku ya tsinci gawayi ya zana ƙafar baya ta goɗiyarsu a jikin katanga, yadda take lanƙwashewa in za ta zabura. Lamidi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa, "Yaro, gobe ka zo da wuri, ka wanke burushi." Daga wanke burushi ya koyi haɗa kala, ya koyi rubutun boko da na ajami a jikin katako. Da Lamidi ya tsufa ya koma garinsu, ya bar masa rumfar da bencin da gwangwanayen.

Shi fenti ba ya son gaggawa. Dole direba ya zauna ya jira shafin farko ya bushe kafin a ɗora na biyu, direba kuwa in ya zauna sai labari. Tun da doki ake zanawa, hirar ba ta wuce doki. Wani Balaraben Shuwa mai kawo shanu daga wajen Chadi ya ce a ƙasarsu akwai ingarman da ke fitowa daga cikin tafki ya hau goɗiyoyin da aka bari a bakin gaɓa. Ɗan da aka haifa ba a tsere masa, amma ba a kai shi kusa da ruwa, don zai bi ubansa. Wani Buzu mutumin Agadas ya ce su daga Larabawa suka ji cewa da iskar kudu aka halicci doki. Wani tsohon ma'aikacin reluwe ya rantse ya ga Bature ya kafa takalmin ƙarfe na doki a saman ƙofarsa don neman sa'a, Atiku ya ce shi abin da ya fi ba shi mamaki ma doki da takalmi. Har ɗansa Abdullahi, da ya shiga makaranta, ya zo masa da labarin wasu mayaƙa na can ƙetaren teku da suka ɓuya a cikin ƙaton dokin katako, mutanen birni suka jawo shi ciki da hannunsu, aka cinye su. Wannan kam bai yi wa Atiku daɗi ba. Ya ce ba labarin doki ba ne, labarin mugun kafinta ne.

Bai gaskata labaran nan ba, bai kuma ƙaryata su ba. In aka matsa masa sai ya ce, "Ban san mai gaskiya ba. Amma kowace ƙasa ka ji, doki anka yi ma ƙarya mai kyau. Ban taɓa jin an yi ma jaki irinta ba."

Akwai wani malamin lissafi, mutumin Pakistan, da ke koyarwa a wata sakandare a garin. Yakan tsaya da kekensa a bakin rumfar ya yi ta kallo, ya ce motocin na tuna masa gida. Ranar nan ya zo da hoton wata mota ta ƙasarsu, an ƙawata ta kamar amarya, a bayanta ga farin doki mai fukafukai. Ya ƙara da cewa maƙwabtansu na Hindu ma cewa suke dawaki bakwai ne ke jan rana daga gabas zuwa yamma. Atiku ya ce a'uzubillahi, amma bai ɗauke ido daga hoton ba.

A kan bencin a ranar akwai Maitama, direba mutumin Ɗan Isa, babban abokin Atiku. Ya daɗe yana ja wa wasu mota, sai a shekarar Allah ya ba shi tasa ta kansa, katakonta ko ƙanshi bai daina ba. Ya karɓi hoton, ya duba, ya dangwala yatsa a kai.

"Mai Doki, wanga nike so."

"Doki da fiffike, Maitama? Mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Motata ce. Ka yi shi hwari tas, ya cika ƙyauren baya."

Atiku bai taɓa ba wani aiki lokaci kamar wannan ba. Ya yi dokin fari, ya ɗaga ƙafafun gaba, fukafukan kore da bakin ruwan zinariya, a ƙarƙashinsa gulbi da itacen ɗorawa. Kan dokin kuwa bai bi na hoton ba, kan goɗiyar mahaifinsa ya sa, har da ɗan karkacewar kunnenta na hagu. A sama ya rubuta: Daga Allah Ne. Da aka fito da motar, tasha ta taru. Wasu suka ce ai Buraƙa ce. Atiku ya ce, "Ni ban ce ba. Wa ya gan ta balle ya zana?" Duk da haka maganar ta kai ga wani mai wa'azi, ya yi ta faɗa a kan masu zana abu mai rai. Abin ya tsaya wa Atiku a zuciya, har ya ajiye zanen dabbobi na ɗan lokaci, ya koma furanni da rubutu. Direbobi suka ce su ba fure suka zo nema ba. Ba shi da gona a Ƙaura, ga mata, ga 'ya'ya. Ya koma wa dawakinsa, yana yi yana istigfari.

Motar Maitama ta yi suna. Yaran ƙauyukan hanya kan bi ta da gudu suna ihu, "Ga mai hwarin doki!" Ranar Alhamis 'yan kasuwar Shinkafi kan ƙi shiga wata motar su jira ta. Duk wanda ya sayi sabuwar mota a yankin sai ya zo a yi masa nasa, wani akawal baƙi ƙirin, wani danda mai dabbare-dabbare, wani dawaki biyu suna tsere. Akwai lokacin da in ka tsaya a bakin hanyar Zurmi da safe, dawakin Atiku ne za su yi ta wuce ka ɗaya bayan ɗaya. In rana ta cinye kalar, Maitama ya kawo a sabunta, su zauna su sha fura, su yi gulmar duniya.

Abin bai lalace rana ɗaya ba. Jirgi ya fara zuwa jefi-jefi, sannan ya daina. Motocin katako suka yi ta raguwa, masu bodin ƙarfe suka maye gurbinsu. Aka kawo injin da ke buga sitika, yaro ya danna kwamfuta ya fitar maka da zaki ko ɗan ƙwallo kafin ka gama shan ruwa. 'Ya'yan Atiku ba wanda ya ɗauki burushi. Abdullahi ya tafi Legas yana acaɓa, 'ya'ya matan suka yi aure. Matarsa Asiya ta kama ƙuli-ƙuli, sana'ar tata ce ta riƙe gidan fiye da rumfar. Ciwon suga ya kwantar da Maitama, ya rasu, motar ta koma hannun ɗansa Bilyaminu. Idon Atiku ya fara yin yana, yana ganin mutum amma sai ya yi magana yake shaida shi.

Sannan hanya ta ɓaci. 'Yan bindiga suka cika dajin, suna tare motoci, suna kwashe mutane. Tashar da a da ba ka jin maganar na kusa da kai don hayaniya, ta koma wurin da direbobi ke zama jugum suna tambayar wanda ya shigo, "Yaya hanya?" Atiku ya ci gaba da zuwa rumfa kullum, ba don aiki ba, don bai san inda zai zauna ba in ba can ba.

Wata ranar bazara da hantsi, yana gyangyaɗi a kan benci, ya ji ƙugin injin da ya sani. Motar ta tsaya daidai gindin dogon-yaro. Bilyaminu ya sauko a hankali kamar tsoho, gefen fuskarsa a kumbure, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, Bilya. Na ji abin da ya hwaru. Allah shi kyauta. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Baba."

Atiku ya riga ya ji a tasha. An tare motar tsakanin Ƙaura da Shinkafi, an shiga daji da 'yan kasuwar da ke ciki, shi Bilyaminu an yi masa dukan kawo wuƙa an bar shi a kwalta. Bilyaminu ya zauna a ƙarshen benci, ya daɗe yana murza hularsa.

"Baba, ba tsautsayi ba ne. Jirana su kai. Motoci biyu sun wuce gabana ba su taɓa su ba. Ina kwance ƙasa na ji ɗayansu na waya, shina cewa, 'E, ita ce, mai hwarin dokin.' Wani ne cikin gari ya ga waɗanda sunka shiga, ya kira su. Bai buƙatar lamba, bai buƙatar sunana. Ko yaro ya san ta."

Atiku ya gane inda maganar ta dosa tun kafin ta iso.

"So nike a shahe shi," in ji Bilyaminu, idonsa a ƙasa. "A yi mata kala ɗaya, kamar ta kowa. Na so in kai ma wani, na ga in ka ji daga baya ba za ka ji daɗi ba."

"Ka kyauta da ka kawo nan."

"Na san yadda kuke da mahaifina. Wallahi ba don..."

"Bari, ɗana. Ubanka da shina raye, shi za ya fara cewa a shahe. Wace kala?"

"Toka-toka, ko shuɗi. Duk wadda ba a kallo."

Atiku ya aika aka sayo fenti ruwan toka. Da ya buɗe gwangwanin ya tsaya yana juyawa, sai ya jawo galan ɗin kananzir ya tsiyaya, ya ƙara tsiyayawa, har fentin ya yi ruwa fiye da yadda ya kamata. Bai shirya yin haka ba, hannunsa ne ya yi. A ransa yana cewa wannan masifa ba za ta dawwama ba, in ƙasa ta lafa, shafi mai ruwa ba ya wuyar kankarewa, dokin na nan a ƙasa yana jira. Ya hau kan benci ya fara daga sama. Rubutun ya tafi, fukafukan suka tafi, gulbi da ɗorawa suka tafi. Kan dokin ya bari sai ƙarshe. 'Yan tasha suka taru kamar yadda suka taru ranar da aka fito da shi, sai dai yau ba mai magana. Kafin azahar an gama aikin da ya ci masa makonni.

Da ya koma gida Asiya na tsakar gida tana matsar tunkuza. Ta ga tokar fenti a hannunsa.

"Malam, yau an samu aiki ke nan."

"An samu."

"To mi ya sa ka shigo kamar wanda ya dawo jana'iza?"

Ya gaya mata. Ta tsaya da matsar, man na ɗiga a kwano, sannan ta ce, "Rai ya fi zane, Malam. Allah shi tsare yaron." Ta ci gaba da aikinta. Ya san gaskiya ta faɗa.

Labari ya bazu cikin direbobi. Wanda ke da akawal ya kawo, mai dawaki biyu ya kawo, har masu zaki da mikiya. Rabon Atiku da samun aiki a jere irin wannan an yi shekaru. Da safe ya tarar da mota na jiransa, ya shafe, wata ta shigo. Wasu zanen ya manta ma shi ya yi su, sai ya matsa da fuskarsa kusa da katakon ya ga yadda aka ja gezar, ya gane hannunsa ne na lokacin da yake da ido. Wani direba mai barkwanci ya ce, "Mai Doki, kai ka haife su, kai ka binne su." Aka ɗan yi dariya, shi ma ya yi. Cefane ya gyaru a gidan a 'yan watannin nan, har Asiya ta huta da bin maƙwabta aron gishiri. Shi kuwa in ya dawo ba ya iya cin tuwon sosai, sai ya ce warin fenti ne.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Wajen tsakiyarta, ranar da aka wuni ana yayyafi, motar Bilyaminu ta sake tsayawa a gindin dogon-yaro. Wannan karon bai zauna ba. Ya gaishe shi, ya ce, "Baba, taho ka gani."

Atiku ya zagaya bayan motar. Ko da idonsa mai yana ya gani. Ruwa da rana sun cinye tokar, ga kunne ya fito, ga layin wuya, ga fiffike guda kore-kore kamar ana hango shi ta cikin labule.

"Jiya a Kasuwar Daji wani yaro ya nuna ta, ya ce ga mai hwarin doki ta dawo," in ji Bilyaminu. Ba fushi yake yi ba, da ganinsa ya daɗe bai yi barcin kirki ba. "Baba, mutum goma sha wani abu na ɗauko. Da mata ciki. Tun daga can har Ƙaura ban san yadda na riƙe sitiyari ba."

Atiku ya dafa katakon. Sauran motocin duka shafi mai kauri ya yi musu, wannan kaɗai ya yi wa haka. Sai yanzu ya ga abin da ya saka a kan hanya saboda son ransa, ɗan amininsa da mutanen da ba su san komai ba.

"Fentin ya yi ruwa," ya ce. "Kawo sanfefa da ƙarfen kankara. Wanga karo har katako za mu kai."

Kankarewa ta fi shafewa wuya nesa. Fentin shekara da shekaru ne, shafi kan shafi, duk sabuntawar da ya yi wa Maitama tana nan. Yana kankara kala na zubowa a kan ƙafafunsa, fari, kore, wani farin na ƙasa wanda ya fi tsufa. Kafaɗarsa ta riƙe, ya sauya hannu. Bilyaminu ya ce ya kawo ya taya shi, ya ƙi, daga baya da numfashinsa ya fara sama-sama ya miƙa masa ƙarfen. Suka yi ta yi bi da bi, yayyafi na jiƙa su. Inda ido ya gaza, Atiku ya bi da tafin hannu yana lalube, in ya ji tudun fenti ya ce, "Nan da saura." Sai da katakon ya fito fari fat, da tsagewarsa da ramukan ƙusa, sannan suka bar shi ya sha iska. Washegari ya yi masa shafi mai kauri, ya bari ya bushe, ya ƙara wani.

Suna zaune suna jiran na ƙarshe ya kama, Bilyaminu ya ce, "Baba, ina ga sai da ta za ni yi. Akwai wani mai ɗaukar doya can kudu da ya taya. Na gaji. Kullum in na fito sai na yi sallama da iyali kamar ba ni dawowa."

"In ka sai da ta mi za ka yi?"

"Ban sani ba. Ko in sayi Keke mai ƙafa uku in tsaya cikin Gusau."

"To. Allah shi sa haka ya fi alheri."

Bai ce masa ya haƙura ba, bai tuna masa wahalar da ubansa ya sha kafin ya same ta ba. Kafin kaka aka zo aka tafi da motar. Atiku bai je ya ga tafiyarta ba, a bakin 'yan tasha ya ji.

Daga nan aikin shafewar ma ya ƙare, don ba sauran abin shafewa. Wani saurayi mai cajin waya ya nemi rumfar, Atiku ya bar masa, ya kwashe burusansa a buhu ya kai gida. An taɓa kawo likitocin ido garin suna aiki kyauta, aka kankare masa yanar ido ɗaya, yana gani da shi daidai gwargwado. Abdullahi kan bugo waya daga Legas ya ce ya zauna ya huta haka nan, amma abin da yake aikowa ba ya kai wata, shi ma yana da nasa bakunan.

Yanzu fentin ƙofofi yake yi, da shaguna, da allon makaranta in an kira shi. Shuɗi ko ruwan toka, wani lokaci kore in masallaci ne. Yana da tsabtar aiki, ba ya ɗiga a ƙasa, ba ya gardamar lada. Masu ba shi aikin da yawa yara ne, ba su san dalilin da ya sa ake ce masa Mai Doki ba, wasu na zaton dillancin dawaki ya yi. In sun tambaya yakan ce tsohon suna ne kawai.

Ranar nan da la'asar ya dawo daga wani shago, ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafa, Asiya na shafa masa man zafi a kafaɗa. Ta ce wani ya zo nemansa daga Kasuwar Daji, ƙofofin shago ne guda uku, yana so a yi kafin ranar kasuwa.

"Za ka tahi?" ta tambaya.

"Aiki ne."

"Hanyar hwa?"

Ya lumshe ido har ta ɗauka barci ya kwashe shi. Sannan ya gyara zama, ya ce ta ɗan ƙara dannawa ta wajen wuya.

"Da sahe in leƙa tasha in ji abin da direbobi ke cewa. In sun ce ana wucewa, sai in bi su."